Barka da Sallah daga Landan, da Amsar Tambayar Auta kan Hoton Dare a Tafkin Jabi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya da yaranta, da Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Baba, Allah Ya ƙara girma da nisan kwana. Umma, sannu da hidimar suya, na san yau da gobe hayaƙi ba zai bar tsakar gida ba. A miƙa gaisuwata ga Kawu da Gwaggo da maƙwabta baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, an yi Idi lafiya, sai dai kewar gida da ba ta rabuwa da mutum a irin wannan rana.

Baba, a yi mini afuwa, sauran takardar ta Auta ce. Ya turo mini hotunan da ya ɗauka da dare a bakin Tafkin Jabi da ke Abuja, yana tambayar abin da ya sa ba su yi kyau ba, kuma yana son komawa cikin hutun nan. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Auta, na duba hotunanka da kyau. Inda ka tsaya ya yi, idonka na gani. Amma sama ta fito baƙi ƙirin, fitilun babban kantin nan na bakin ruwa sun zama dunƙulen fari, rubutun jikin ginin ba ya karantuwa, komai kuma ya yi rawa. Kyamararka ba ta da laifi. Babbar matsalar ita ce ka makara.

Hoton dare mai kyau, yawanci ba cikin dare ake ɗaukarsa ba. Idan duhu ya gama rufawa, tazarar da ke tsakanin hasken fitila da baƙin sama ta fi abin da kyamara za ta iya riƙewa a hoto ɗaya: ko dai ta ƙona fitilun, ko ta binne sauran wurin cikin duhu. Lokacin da ake nema shi ne kamar minti 15 zuwa 30 bayan faɗuwar rana, sa'ad da an kunna fitilu amma sama tana da sauran shuɗi mai duhu. A nan ne hasken biyu ke kusantar juna, rufin gini ya fito fes daga jikin sama, ruwa ma ya ɗauki launi. Kada malaman intanet na Turai su ruɗe ka da cewa kana da awa guda. A wannan wata rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen ƙarfe 9 na dare, almuru kuma ya yi ta jan ƙafa, shi ya sa masu ɗaukar Gadar Tower a bakin Kogin Temz suke aikinsu a tsanake. Abuja tana wajen digiri 9 ne arewa da ikweta, layin da ya raba duniya biyu, rana na nutsewa a miƙe, duhu na biyo ta da gudu. A makonnin nan tana faɗuwa 'yan mintuna kafin ƙarfe 7, kuma kafin 7 da rabi an rufe kasuwa.

Ka lura wannan lokaci yana manne da magariba, don haka sai da shiri. Ka isa tun ƙarfe 6, ka zaɓi wuri da sauran haske, ka kafa kaya, ka yi alwala. Ana kira ka yi sallarka kusa da kayanka. Kana sallamewa za ka tarar shuɗin ya fara nuna, ba ka rasa komai ba. Ku je ku biyu, kada ka tsaya bakin ruwa da dare kai kaɗai da kyamara.

Rawar da hotunan suka yi kuwa daga hannunka take. Da idon kyamara irin naka mai 18 zuwa 55mm, hannu ba ya iya riƙewa cak idan ɗaukar ta yi jinkiri fiye da kamar 1/30 na sakan, kai kuwa sakan 5 ko 10 ko 20 kake buƙata. Dole sai maɗori mai ƙafa uku. Ka buɗe ƙafafun sosai, ka fara zaro gaɓoɓi masu kauri kafin sirara, kada ka ɗaga sandar tsakiya domin ita ce ta fi kaɗawa. Ka danna ƙafafun cikin ƙasa, musamman yanzu da damina ta sa gaɓa ta yi laushi. Igiyar rataya kyamara ka naɗe ta, in ba haka ba iska na kaɗa ta tana bugun ƙarfen. In ba ka sami maɗori ba, ka ɗura shinkafa ko wake kamar rabin mudu a ƙaramar jaka, ka ɗora a kan dakali, ka zaunar da kyamara a kai. Yana aiki ƙwarai.

Abu biyu da masu koyo ke mantawa a nan. Danna maɓallin ɗauka da yatsa ma girgiza ne, saboda haka ka sa jinkirin sakan 2, ka danna ka cire hannu. Sannan ka kashe na'urar hana rawa da ke jikin idon kyamara, wadda Canon ke rubuta IS, Nikon ke rubuta VR. A hannu tana taimako, amma a kan maɗori takan nemi gyara motsin da babu shi, sai ta ɓata hoton da kanta.

Yanzu saiti. Ka juya kan M, wato saitin hannu, domin in ka bar wa kyamara zaɓi za ta ga duhu ta firgita, ta cilla ISO (ƙarfin jin haskenta) sama, ta ɗago filashi. Filashin jikinta bai wuce 'yan mitoci ba, ba zai haska ginin da ke ƙetaren ruwa ba, sai dai ciyawa da ƙwarin da ke gabanka. Kashe shi. Haske yana taruwa a kyamara ne kamar yadda Umma ke tarar ruwa a ƙarƙashin indararo: da faɗin bakin abin tara, da tsawon lokacin da aka bar shi. Faɗin bakin shi ne lambar f (ƙofar idon kyamara ce, lambar na girma ƙofar na ƙanƙancewa), tsawon lokacin shi ne sakan. Ka sa ISO a 100, domin ɗaga shi ne ke kawo ɗigo-ɗigon ja da kore a wuraren duhu. Ka sa f/8. Daga nan lokaci kaɗai za ka riƙa taɓawa. Da farkon shuɗi fara da sakan 1 ko 2, ka duba. Bayan 'yan mintuna za ka ga kana neman 4, sannan 8, sannan 15. Hasken yana zubewa da sauri, kada ka kafe a lamba ɗaya. Yawancin kyamarori suna tsayawa a sakan 30, abin da ya wuce haka sai a B, inda kai ke tsayar da ɗaukar da kanka, kuma ba ka buƙatarsa tukuna.

In kana son fitilun su fitar da tsinke-tsinke irin na tauraro, ka matse ƙofar zuwa f/11 ko f/16. Lissafinsa mai sauƙi ne: kowane mataki yana raba haske biyu, don haka ka ninka lokaci. Abin da ya yi daidai a f/8 da sakan 4, zai so sakan 8 a f/11, sakan 16 a f/16, ka sa 15 da ke kusa. Ni ban ba ka shawarar f/22 ba, domin ƙofa in ta yi ƙanƙanta sosai kaifin hoton gaba ɗaya yana raguwa.

Kada ka yarda da allon baya. Cikin duhu komai yana ƙyalli a kansa, ka koma gida ka tarar hoton ya yi duhu. Rage hasken allon, ka kunna gargaɗin nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa. Ƙwayar fitila kanta in ta ƙifta ba komai. Amma in rubutun jikin gini ko bango ne ke ƙiftawa, raba lokacin biyu ka sake. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba: wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a kwamfuta, wurin da ya ƙone fari fat kuwa ya tafi ke nan. Launi ma kada ka bar shi a kan zaɓin kyamara, domin fitilu masu ruwan ɗorawa da farare sun cakuɗa a wurin, za ta riƙa sauya ra'ayi daga hoto zuwa hoto. Sa ma'aunin launin haske tsakanin 3500K da 4000K, shuɗin sama zai zauna, fitilu ba za su koma jajaye ba.

Fokas cikin duhu yana wahalar da kyamara, za ka ji idon yana kai da komo yana ƙara. Mayar da shi MF, wato fokas na hannu, ka kunna kallo ta allo, ka zuƙo wata fitila mai nisa sau 10, ka murza zoben a hankali har ta zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Ka bar shi nan. In ka taɓa zoben zuƙowa, sai ka sake.

Ruwan shi ne rabin hoton, kuma a nan ka fi mu sa'a. Temz yana cika yana janyewa da ruwan teku, kullum cikin motsi yake, inuwar fitila ba ta zama a kansa. Jabi tafki ne, in iska ta kwanta sai ya zama sumul. Sauke kyamara ƙasa-ƙasa, kamar daidai gwiwa, za ka ga inuwar ginin ta ƙara tsawo ta taho wajenka. In ruwan yana kaɗawa, sakan 15 zuwa 30 zai goge ƙananan igiyoyin, fitilun su zama dogayen layukan launi masu laushi. In ya kwanta, sakan 2 zuwa 4 ya fi, domin siffar ginin ta fito a cikinsa. Kwale-kwale in ya ratsa, jira minti biyu ko uku ruwan ya huce. Ka tabbata layin gaɓa ya miƙe, domin karkatar ruwa ko kaɗan ce ido na kama ta nan take.

Damina tana da daɗinta: bayan an ɗauke ruwa iska na wankewa, fitilu su fito tas, ba kamar lokacin hunturu ba da ƙura ke sa kowace fitila ta yi rawani. Amma in ka fito daga mota mai sanyin AC, gilashi zai yi gumi. Kada ka yi ta gogewa, ba shi minti 10 zuwa 15 ya saba da iskar waje. Cire gilashin kariya na UV da ke gaba, shi ke haifar da korayen tabo a gefen fitilu. Tafi da batir na biyu a cike, da tocila, da leda babba, da doguwar riga saboda sauro. Kana ganin walƙiya ko jin tsawa, naɗe kaya ka bar bakin ruwa, babu hoton da ya kai wannan kasada. Ka kuma gaida masu gadin wurin ka nemi izini kafin ka kafa maɗori, sannan kada ka juya kyamara wajen shingen jami'an tsaro.

In Yaya da yara za su bi ka cikin kayan Sallah, ga yadda za ka haɗa su da ginin. Tsayar da su mita 2 zuwa 3 daga kyamara, ka sa ISO 400 da f/5.6 da kamar 1/8 zuwa 1/4 na sakan, fokas a fuskarsu, wannan karon ka kunna filashi. Shi zai haska su, dogon lokacin ya haska bayansu. Ka gaya wa yaran kada kowa ya motsa sai ka ce an gama, ko da filashin ya riga ya haska. Ka yi wannan da farkon shuɗi, kafin su gaji.

Abin da ka ɗauko, kada ka goge ko ɗaya a wurin, marasa kyan ne za su nuna mana inda za a gyara. Ka turo mini su ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba, domin kada ya matse su ya share bayanan saitin da ke ciki. Na Baba da Umma cikin kayan Idi shi nake so ka fara turowa.

Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku, kuma yayan Auta,
daga Landan.