Likitanku Ya Tsorata Mu da Gwajin PSA

Malam Edita, assalamu alaikum.

Raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na daren Laraba. Likitan da kuka kawo ya yi ta nanata cewa duk wanda gwajin jininsa na PSA, wato gwajin neman alamar sankarar furostet (wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ya haura 4, to ya shirya. Ya shirya me? Likkafani?

Ni abin a kaina ya faru. Bara, ina da shekara 58, fitsari ya fara yi mini gardama, sai in tashi sau huɗu cikin dare. Aka ɗebi jinina a wani ɗakin gwaji, sakamako ya nuna 9. Yaron da ya miƙo mini takardar ko kallona bai yi ba, sai ya ce, "Baba, sai dai addu'a." Sati uku ban yi barcin kirki ba. Har babban ɗana na kira na lissafa masa waɗanda nake bi bashi da masu bi na. Uwargida tana kuka a ɓoye, ta ɗauka ban sani ba. Da na samu ganin likitan mafitsara, ashe ƙwayoyin cuta ne suka shiga hanyar fitsari, ga kuma kumburin furostet irin na tsufa. Na sha magani, bayan sati shida aka sake gwaji, ya sauko ƙasa da 4.

Shi ne ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa ko furostet ɗin mai lafiya yana fitar da sinadarin PSA ɗin da ake aunawa a jini. Kumburi yana ɗaga shi, doguwar tafiya a keke tana ɗaga shi, har kusantar iyali kwana biyu kafin gwaji. A Ingila an ƙiyasta cewa cikin mutum 4 da nasu ya hau, kusan 3 ba su da sankara. Hoton MRI yana taimakawa, amma sai an tsakuro tsoka an duba ake tabbatarwa. Me ya hana likitanku faɗin wannan, cikin minti arba'in?

Ban ce kada a yi gwaji ba. Mu baƙar fata cutar ta fi kama mu, shi ya sa na tura ƙanena tun yana 45. Amma yanzu maƙwabcina, da ya ji shirinku, ya rantse ba mai ɗibar jininsa.

Sannan wa ya ba ku shawarar mayar da shirin ƙarfe takwas? Daidai lokacin muna masallaci sallar Isha'i, kullum rabi muke tararwa. Ku mayar da shi tara kamar dā.

Naku mai sauraro, daga Zariya.