Wasiƙa kan matsafi mai fiffike

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya kuma baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarka, musamman daren Asabar idan an baje takardu an zube 'yan lido.

Tun tafiyarka ni ke jan ragamar wasanmu na Dungeons & Dragons, wasan nan na labari da kowa ke riƙe da jaruminsa, kuma akwai abin da ke cina a rai. Wani sabon yaro ya shigo, ya ce shi jinsin mutum-tsuntsu yake so, Aarakocra, kuma matsafi. Na amince ban yi dogon nazari ba. Dare biyu na yi ina zana wani kwazazzabo mai gada ɗaya tak, 'yan fashi sun tare ta. Ana cikin shawarar yadda za a tsallaka, sai kawai ya tashi sama, ya tsaya inda takobi ba ya kai wa, yana ta yi musu ruwan wuta. Ɗan wasan da ke riƙe da mayaƙinmu na jinsin wada ya damƙe ɗan lidonsa mai fuska 20, yana jujjuya shi a tafin hannu, har aka tashi bai jefa ba ko sau ɗaya. Wallahi fuskarsa ce ta hana ni barci.

Ka duba lissafin. Matsafi sai ya kai matakin ƙwarewa na 5 yake samun sihirin tashi sama, shi ma na minti 10 ne, kuma in aka buge shi hankalinsa ya rabu, yana iya rikitowa ƙasa. Wannan kuwa tun mataki na 1 yana da shi kyauta, ba iyaka. Maki 27 da muke rabawa wajen ƙirƙirar jarumi suna auna ƙarfi da basira, amma ba ruwansu da fiffike. Raunin matsafi shi ne jikinsa ba ya jure duka, to in duka ba ya isa gare shi, me ya rage?

Tsofaffin dokokin wasan sukan hana jinsin elf (masu tsinin kunne) da na wada wuce wani mataki, don kada baiwarsu ta sa su fi sauran. Ni ban ga amfanin wannan ba, don an yi watanni ana cutar sauran kafin hukuncin ya iso. Dokokin 2024 sun cire ƙarin maki daga jinsi sun mayar da shi kan tarihin rayuwar jarumi. Na ji daɗin haka, yanzu wada ma yana iya zama matsafi ba tare da ya yi asara ba. Amma baiwar da ake haihuwar jinsi da ita tana nan, mai jan wasa ne zai sa mata ido.

Na zauna da yaron, ba laifinsa ba ne. Muka yarda cewa kafin mataki na 5 fiffikensa saukar da shi kawai zai riƙa yi a hankali, ba tashi ba. Bai yi musu ba ko kaɗan.

Kai da ka fi ni daɗewa a kujerar nan, na kyauta ko na matsa masa? Ka rubuto kafin Asabar. Ka gaishe min da mutanen gida.

Naka har kullum.