Godiya Ga Shagon Da Ya Sauya Mini Moton Injin Yanke Ciyawa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga maigidan shagon da yaransa, musamman matashin da ya karɓi injina.

Injin nan mai batir ne, wanda ke yanke ciyawa da zaren roba, kuma da shi nake neman abincina a lambunan mutane. Ranar da ya fara warin ƙuna ya tsaya cak, hankalina ya tashi. Wurin farko da na kai shi, ko murfin ba su buɗe ba suka ce batir ne, in sayi sabo. Wani ya riƙe shi har na gaji da zarya, ya dawo mini da shi babu wasu kusoshin, ya ce in jefar. Aiki yana ta wuce ni.

Da na zo wurinku, yaron nan ya ce, "Baba, zauna mu duba tare." Ya cire batirin kafin ya taɓa komai, ya auna shi, ya ga volt 18 ɗinsa lafiya lau. Ya gwada makunni, shi ma ƙalau. Sai ya buɗe kan injin, inda moton yake dab da zaren, ya nuna mini yadda ƙurar ciyawa ta toshe kafofin iska har zafi ya ƙona kwayil, kabon da ke kai wa kwayil ɗin wuta kuma ya cinye. Ban taɓa ganin mai gyara ya yi mini bayani haka ba, wallahi.

Bai ɗauko kowane moto ya cusa ba. Ya jira wanda ƙarfin wutarsa da kaurin sandarsa suka yi daidai da tsohon. Wajen haɗa wayoyi ya kula sosai, domin in aka juya su, kan zai riƙa juyawa baya. Ya kuma gargaɗe ni kada in yarda wani ya cire mini garkuwar da ke rufe gefen zaren, saboda 'yar wuƙar jikinta ce ke datse zaren, kuma zare in ya yi tsawo ko kauri, moton ke shan wahala. Tsohon moton ma ya miƙo mini a hannu.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu gyara da yawa suka mai da "sayi sabo" amsar kowace matsala. Kaya masu sauran rai suna ƙarewa a bola, batir ɗinsu da komai, don kawai wani ya ƙi kwance kusoshi ya duba. Talaka kuma shi ke biya.

Naku,
Wani mai kula da lambu