Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sakataren Sojin Ƙasa na Amurka: ku bar yaran Carlisle su koma gida

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ba zan ja ka da nisa ba. Maganar yaran da ke kwance a maƙabartar barikin Carlisle ta jihar Pennsylvania, inda a da gwamnati ta yi makarantar kwana ta yaran 'yan asalin ƙasar, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, musamman biyu daga cikinsu, Samuel Gilbert da Edward Hensley, 'yan ƙabilar Winnebago ta Nebraska. Ƙabilarsu ta nemi a ba ta ƙasusuwansu ta kai su gida ta binne su bisa al'adarta, rundunarka ta ce a'a. Sai da abin ya kai su ga shigar da ƙara a watan Janairun 2024, ku kuma kuka tura lauyoyi suka tsaya kai da fata, har kotun farko ta kori ƙarar a watan Agustan shekarar, ƙabilar ta ɗaukaka ta. Da Hausa nake rubuto maka, harshen da aka raine ni da shi, kuma da gangan na yi haka, domin waɗannan yaran hukunta su ake yi idan aka ji sun yi nasu harshen.

Ni ta hanyar wasa na fara sanin Carlisle, kamar yadda akasarin mutane suka san ta, kuma rundunarka ba ta taɓa jin nauyin tallata wannan ɓangaren ba. A cikin barikin akwai zauren motsa jiki mai sunan Jim Thorpe, shahararren ɗan wasan da ya yi karatu a makarantar. Filin da yaran suka yi atisaye yana nan. Kwalejin yaƙi ta sojinku, wadda ke zaune a wurin tun 1951, takan shirya gasar wasanni da sunan Thorpe. Kun karɓi sunan, kun karɓi filin, kun karɓi ɗaukakar. Mu a wajenmu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za a riƙa alfahari da 'yan wasan makaranta ba, sannan a riƙe gawar abokan karatunsu ana jayayya da danginsu a kan ma'anar kalmomin doka.

Ka san tarihin, amma bari in tuna maka yadda ƙungiyar ƙwallon makarantar ta taso, domin ita ce shaidar irin mutanen da kuke hulɗa da jikokinsu. Hafsan sojinku ne, Richard Henry Pratt, ya buɗe makarantar a 1879 a wannan tsohon bariki. Yaran farko daga Rosebud da Pine Ridge, yankunan ƙabilar Lakota, aka kwaso su, aka aske musu dogon gashinsu, aka tuɓe musu tufafin gida, aka liƙa musu sunayen Turawa. Shi Pratt bai ɓoye manufarsa ba, da bakinsa ya faɗa a 1892 cewa a kashe ɗan asalin ƙasar da ke cikin yaro domin a ceci mutumin. Wasan ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, da farko hana shi ya yi bayan wani ɗalibi ya karye a ƙafa. Ɗaliban ne da kansu suka yi gayya suka same shi a ofis suna roƙo, sannan ya yarda a 1893 bisa sharaɗi biyu. Na farko, komai naushin da aka kai musu a fili kada su rama, don kada 'yan kallo su ce halin mutanen daji ne ya motsa. Na biyu, cikin 'yan shekaru su doke babbar ƙungiyar da ƙasar take taƙama da ita.

Duba ka ga yadda suka cika nasu alkawarin. A 1896, makarantar da ɗalibanta ba su kai na manyan jami'o'i yawa ba, ta kara da Princeton da Yale da Harvard da Pennsylvania a jere cikin kaka ɗaya, kuma ba a gidanta ba. A wasansu da Yale a New York, ɗan wasan Carlisle ya kufce da ƙwallo har ƙarshen fili, cin da zai iya daidaita wasan, sai alƙalin wasa, wanda tsohon ɗan wasan Yale ne, ya ce ai ya riga ya hura usur. 'Yan kallo farar fata suka yi ta yi masa ihu. Yaran suka haɗiye fushinsu suka ƙarasa wasan, aka ci su 12 da 6. A 1899 koci Glenn Warner ya zo, suka doke Pennsylvania 16 da 5. Da yake ba su kai abokan karawarsu girman jiki ba, sai suka koma ga dabara da sauri. Lokacin da aka halatta jefa ƙwallo gaba a 1906, manyan jami'o'i raina abin suka yi, Carlisle kuwa ta mayar da shi makami: a 1907 ta lallasa Pennsylvania 26 da 6, ta bi Harvard har gida ta ci ta 23 da 15. A 1911 Thorpe, da ƙafa a ɗaure saboda rauni, ya buga ƙwallo huɗu ta tsakanin sanduna, aka sake cin Harvard 18 da 15. Duk wanda yake kallon wasan nan a talabijin yau, yana ganin ƙwallo na shawagi a sama daga hannu zuwa hannu, gadon waɗannan yaran yake kallo.

Sai ranar 9 ga Nuwamban 1912, ranar da na tabbata an san ta a ofishinka. Suka je West Point, makarantar horar da hafsoshinku, shekara 22 kacal bayan sojojin Amurka sun karkashe ɗaruruwan 'yan Lakota, maza da mata da yara, a Wounded Knee. A cikin 'yan wasanku akwai Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A nasu ɓangaren akwai Thorpe, watanni kaɗan da dawowarsa daga gasar Olamfik ta Stockholm da zinare biyu. 'Ya'yan waɗanda aka ƙwace wa ƙasa suka tsaya gaban magadan waɗanda suka ƙwace ta, bisa dokokin wasan da ba su ne suka rubuta ba, suka ci 27 da 6. Da yawa daga 'yan asalin ƙasar a lokacin ba a ma ɗauke su 'yan ƙasa ba, sai a 1924.

Yanzu ka ɗora waɗancan shekarun a kan na yaran nan biyu. Samuel Gilbert da Edward Hensley sun iso Carlisle a watan Satumban 1895. Samuel bai cika wata biyu ba ya rasu, a tsakiyar kakar wasa. Edward ya rasu a 1899, shekarar da Warner ya zo. Kwano ɗaya suka ci da waɗancan gwarazan, ƙararrawa ɗaya take tashin su da asuba. Dubban mutane na biyan kuɗin shiga kallo a Philadelphia da Boston, a bayan makarantar kuwa ana haƙa ƙananan kaburbura, tarin fuka da sauran cututtuka na ɗauke yara ɗaya bayan ɗaya. Kimanin yara 7,800 daga ƙabilu fiye da 140 ne suka ratsa makarantar kafin a rufe ta a 1918 a mayar muku da barikin. Fiye da 180 aka binne a can.

Kuma ko a kabarin ba a bar su sun huta ba. A 1927 sojojinku suka tone maƙabartar suka mayar da ita wani gefe domin su samu filin gini. Ga ta nan yau a bakin titi kusa da ƙofar bariki, fararen duwatsu a jere irin na kaburburan soja, wasu babu ko suna a jikinsu, masu ziyara na ajiye 'yan kayan wasan yara da tsabar kuɗi a gindinsu. An yi aikin tonon nan da sakaci, kuma an ga sakamakonsa. A 2022 aka buɗe kabarin da ke ɗauke da sunan Wade Ayres, yaro ɗan ƙabilar Catawba, danginsa na tsaye suna jira, sai aka tarar da ƙasusuwan wata yarinya. Ka yi tunanin tafiyar da suka yi zuwa gida hannu rabbana.

Ba zan danne gaskiya ba: tun 2017, lokacin da 'yan Arapaho ta Arewa suka matsa, rundunarka ta fara mayar da wasu yaran kuma ita ke ɗaukar nauyin kuɗin. A 2021 tara sun koma Rosebud. Amma bisa ƙa'idarku ne, wadda ta ce sai dangi mafi kusa da ke raye ya kawo takardar rantsuwa. Ranka ya daɗe, yaron da ya mutu yana matashi a 1895, bai yi aure ba, bai haihu ba, iyayensa da 'yan'uwansa duk sun daɗe a ƙasa, wa zai rantse cewa shi ne mafi kusa? Gwamnatin da ta raba shi da dangi ita ce yau take cewa a kawo mata shaidar dangantaka. Majalisar dokokinku ta riga ta warware wannan tun 1990 da dokar NAGPRA, wadda ta ba ƙabila da kanta haƙƙin karɓar gawar mutanenta daga hannun hukumomin tarayya. Amsar lauyoyinku ita ce wai maƙabarta ba ta cikin abin da dokar ke kira tarin kayan da hukuma ke riƙe da su. Wa ke riƙe da su, in ba ku ba? Wa ke da makullin ƙofar?

Ranar 25 ga Oktoban 2024 Shugaba Joe Biden ya tsaya a Gila River ta jihar Arizona ya nemi gafara da sunan Amurka a kan waɗannan makarantun kwana. Ranar 9 ga Disamban shekarar ya ayyana Carlisle a matsayin wurin tarihi na ƙasa, kuma rundunarka na cikin masu kula da shi. Gwamnati ta sauya, amma da sunan ƙasa aka nemi gafarar, ba da sunan jam'iyya ba, kuma kujerar da kake kai ta gaji wannan magana. Kwamitin Olamfik na duniya ma, wanda ya taɓa ƙwace wa Thorpe zinarensa, ya mayar masa da cikakken matsayinsa a 2022, shekara 110 bayan gasar Stockholm. Akwai batun lambobin yabon da aka ba sojojin Wounded Knee waɗanda har yau ba a janye ba, akwai na kaburburan da ba su da suna. Waɗannan zan bar su zuwa wani lokaci.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin sa hannunka ba. Ka umarci ofishin da ke kula da maƙabartun soja ya karɓi buƙatar ƙabila a matsayin isasshiyar hujja, kamar yadda dokar 1990 ta tsara. Ka janye lauyoyinka daga jayayya da Winnebago. Ka kira shugabanninsu ku sa rana, su zo da dattawansu da addu'o'insu, su ɗauki Samuel da Edward su tafi da su Nebraska. Bayan su, duk ƙabilar da ta zo neman nata, a buɗe mata ƙofa ba tare da an tura ta kotu ba.

Na gode da sauraro.