Amsa ga Dokta da Ya Tambaya Wa Ya Naɗa Ni Alƙalin Mujallu

Assalamu alaikum, Dokta.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Tambayar da ka jefo mini a taron ƙara wa juna sani na tsangayarmu, ka kuma sake ɗora ta a shafinka na Facebook, ta iso ni sau biyu. Ka ce wa ya naɗa ma'aikacin laburare alƙalin da zai ce wannan mujalla ta ƙwarai ce, waccan ta bogi. Ka ce tunda manyan mujallun Turai ma suna karɓar kuɗi, me ya sa namu in sun karɓa suke zama ɓarayi. Sannan ka rufe da maganar da ta hana ni barci, wai ni ɗan koren Turawa ne, na riƙe jerin sunayen da wani Bature ya rubuta ina yanka mujallun gida da shi.

Tsakanin ofishina da naka ba nisa, lambar wayata kuma tana hannunka. Ka zaɓi bainar jama'a, a daidai lokacin da ake tattara takardun ƙarin girma, kuma ba ka gaya wa masu karanta ka cewa kai ma edita ne na wata sabuwar mujalla mai karɓar kuɗi ba. Ya kamata su sani. Tunda a fili ka yi, a fili zan amsa.

Zan fara da abin da ya fi yi mini ciwo. Baturen da kake nufi sunansa Jeffrey Beall, tsohon ma'aikacin laburare ne a Jami'ar Colorado da ke Denver, a Amurka. Shi ya fara kiran mawallafan da ke karɓar kuɗi su buga maƙala ba tare da tantancewa ba da sunan masu farauta a 2010, kuma ya rufe jerin nasa a watan Janairun 2017. Shekaru ke nan ina gaya wa ɗalibai da malamai kada su riƙi wannan jeri a matsayin hujja. Mutum ɗaya ne ya rubuta shi, da ra'ayinsa shi kaɗai, kuma yana da halin yi wa ƙasashe masu tasowa kuɗin goro. A 2015 ya kamanta SciELO, babbar taskar mujallun Latin Amurka da aka faro a Brazil, da unguwar marasa galihu. Na karanta wannan na ji haushi kamar ni aka zaga. Wanda ya ji wannan haushin ne kake kira ɗan kore.

Ga abin da nake riƙe da shi. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiro maƙalar ƙarya kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da duk wanda ya san fannin zai gani tun a shafin farko. Ya aika wa mujallu 304 waɗanda ake karantawa kyauta a intanet. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin. Abu ɗaya ya ɓata mini rai a aikin nasa, shi ne ya laƙaba wa marubutan na bogi sunaye da cibiyoyi masu kama da na Afirka. Amma duba waɗanda suka faɗa tarkon. Akwai mujallun da ke ƙarƙashin Elsevier da Sage, manyan gidajen ɗab'i na Turai da Amurka. PLOS ONE kuwa, wadda ita ma kyauta ake karanta ta kuma tana karɓar kuɗin bugawa, ta ƙi maƙalar. Haka ma Hindawi, kamfanin da aka kafa a Alƙahira a 1997.

Ka riƙe sunan Hindawi ɗin nan. Kamfanin Wiley na Amurka ya saye shi a 2021 kan dala miliyan 298. A 2023 kaɗai aka janye maƙaloli sama da 8,000 daga mujallunsa, saboda masu sayar da maƙalar da aka riga aka dafa sun mamaye su, har daga baya Wiley ya daina amfani da sunan. Gidan da ya tsallake jarrabawa a hannun Misirawa shi ne ya faɗi warwas a hannun Amurkawa. Ta yaya wanda ya san wannan tarihi zai auna mujalla da ƙasar da ta fito, ko da launin fatar mai ita?

Tambaya ɗaya nake yi wa kowace mujalla, ta gida ko ta waje: shin wani masani ya karanta maƙalar kafin a buga ta? Duk sauran abubuwan da nake dubawa hanyar isa ga wannan amsa ce. Nakan buɗe sunayen editoci in bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa shafukan jami'o'insu, in ga ko sun san ma an sa su. Nakan duba ranar da maƙala ta iso da ranar da aka amince da ita. Nakan ɗauki maƙala biyu ko uku daga fitowa ta ƙarshe in karanta da idona. In mujalla ta ce tana cikin DOAJ ko Scopus, manyan kundayen da ke tace mujallu kafin su sa su a jerinsu, ba na yarda da tambarin da ta manna a shafinta, sai na je can na nemo ta da kaina. Lambar ISSN da kake ta nanatawa kuwa lambar rajista ce kawai, kamar lambar mota. Ba ta nuna direban ya iya tuƙi.

Shekarun baya wani matashin malami ya shigo ofishina yana murna, riƙe da takardar amincewa. Ranar Litinin ya aika maƙalarsa, ranar Juma'a aka ce ta samu shiga, ba gyaran ko wasali. Ya ranto kuɗi ya biya. Muka buɗe shafin mujallar tare, muka tarar a fitowa ɗaya akwai maƙala kan kiwon kaji, da wata kan nahawu, da wata kan gyaran injin jirgi. Adireshinta na wata ƙasa, asusun da ya tura kuɗin na wata ƙasa dabam. Da ya nemi a janye maƙalar, aka ce sai ya sake biya. Aikin shekara biyu ne, kuma aiki ne mai kyau, amma yanzu babu mujallar kirki da za ta karɓe shi tunda ya riga ya fito. Ya zauna shiru a kujerar da ke gabana har aka kira La'asar. Tun ranar na ɗauki wannan aiki a kaina, ba wanda ya naɗa ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina cikin laburare, ka tambayi duk wanda ya taɓa kawo mini mujalla ko na taɓa yanke mata hukunci ban buɗe ta ba.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kansa ba, don ban taɓa cewa karɓar kuɗi damfara ba ce. Yuro 9,500 da mujallar Nature ta yanka a 2021 ga mai son a karanta maƙalarsa kyauta, ni ma zalunci nake kiransa. Mafi yawan mujallun da ke cikin DOAJ, kundin da Jami'ar Lund ta Suwidin ta fara a 2003, ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Da kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar dala miliyan 50.1 a 2019, laifinsa yaudara ce: ya ce ana tantance maƙaloli alhali ba a yi yadda ya faɗa, ya sa sunayen masana ba da izininsu ba, ya ɓoye kuɗin sai bayan marubuci ya shiga hannu.

Su kuma mujallun gida da ka ce ina yankawa, da hannuna nake kai ɗalibai AJOL, taskar mujallun Afirka da aka fara a 1998, wadda ke ɗauke da mujallu sama da 500, kuma na Najeriya suka fi yawa a ciki. Akwai mujallun sassa a jami'o'inmu da ba su da kuɗin ko fenti, suna fitowa a makare, amma editocinsu na bin masu tantancewa har gida suna roƙon rahoto. Waɗannan nake karewa a gaban kwamitin ƙarin girma duk shekara. Mujallar da ke buga komai cikin mako guda ita ce ke kashe su, domin ba wanda zai jira wata shida ana mayar masa da gyara alhali ga inda zai biya yau ya samu gobe.

Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka gina kasuwar nan. Mun ce wa malami kawo maƙala kaza ka hau mataki kaza, muna ƙirga su kamar buhunan masara, ba mai zama ya karanta. Ba mu ba shi kuɗin bincike ba, ɗakin gwajinsa ba wuta, ajinsa ɗalibai ɗaruruwa. Wani bincike da Shen da Björk suka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa maƙalolin da ke fita a irin waɗannan mujallu sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014. Yaranmu na cikin wannan lissafi, da albashinsu suka biya. Abin da ya fi baƙanta mini rai shi ne manyan da ke ba da aron sunansu a jerin editoci, ba su taɓa buɗe maƙala ɗaya ba, sai ƙaramin malami ya ga sunan farfesansa ya saki jiki. Gobe likita a asibitin karkara zai ci karo da sakamakon da ba wanda ya tantance, ya ɗauka ilimi ne, ya gwada a jikin mutum.

Dokta, ban ce mujallarka ta bogi ce ba, domin ban duba ta ba tukuna. Ka zo ranar Talata bayan Azahar da fitowarku ta ƙarshe. Ka haɗo da rahotannin masu tantancewa, ka shafe sunayensu, da ranakun karɓa da amincewa, da adadin maƙalolin da kuka mayar wa masu su. In na ga an karanta, ni zan rubuta wa kwamiti da sa hannuna, kuma in taya ka cike takardar neman shiga AJOL da DOAJ. Abin da na gani zan rubuta a shafin da ka kira ni ɗan kore.

Wassalam,
Abokin aikinka na laburare.