Kada 'yan aji shida su yi saurin ajiye lissafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin iyaye da ɗalibai game da wata shawara da yara ke yanke wa kansu a ajin ƙarshe na sakandare ba tare da sun tuntuɓi kowa ba.

A watan Oktoba na 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu son karanta fannonin adabi da harsuna da tarihi da makamantansu. Labarin ya isa azuzuwa da siffar da ba tasa ba, domin abin da yara suka ji shi ne an soke lissafi. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta fito ta fayyace cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistar Turanci da lissafi, ya kuma zauna jarrabawarsu, sai dai gyaran bai yi nisan da maganar farko ta yi ba. A makarantar da nake koyarwa, da zarar malamin lissafi ya doso ajin 'yan adabi, sai ka ga bencin baya ya dare, wasu sun tafi shan ruwa ba su dawo ba, wasu kuma sun buɗe littafin wani darasi a ƙarƙashin tebur. Idan ka yi magana sai a ce maka, "Malam, ai gwamnati ta yafe mana."

Ba na cikin masu sukar matakin gaba ɗaya. Na san yara masu hazaƙa a Hausa da Larabci da suka yi shekara biyu ko uku a gida suna maimaita WAEC da NECO saboda D7 guda ɗaya a lissafi, kuma babu adalci a hana irin waɗannan yara karatun da suka fi kowa cancanta da shi. An buɗe musu ƙofa, kuma hakan ya yi kyau. Damuwata ita ce yaron da bai kai shekara ashirin ba ya rufe wa kansa sauran ƙofofin tun kafin ya san wadda zai bi.

Sassaucin bai shafi kimiyya da fasaha ba, bai kuma shafi fannonin kimiyyar zamantakewa ba, inda ɗaliban adabi da yawa kan koma idan makin JAMB bai kai su inda suka nufa ba. Wanda ya nemi gurbin karatun lauya bai samu ba, ya so komawa wani kwas na kimiyyar zamantakewa, zai tarar da lissafi na jiransa a bakin ƙofa. Haka wanda ya bi ta foliteknik: ƙa'idojin sun sassauta masa a ƙaramar difloma, amma sun buƙaci kiredit a Turanci da lissafi kafin babbar difloma. Ko sanarwar ɗaukar kuratan 'yan sanda ta saba neman kiredit biyar har da waɗannan darussa biyu. Takardar sakamakon da yaro zai karɓa bana ita zai riƙa nunawa har ya yi furfura, kuma ba kowane mai ɗaukar aiki ne zai bi sahun jami'a wajen sassauci ba.

Akwai kuma wata hujja da nake ganin ta fi kusa da mu, wadda nakan kawo wa yaran da ke cewa su Shari'a ko ilimin addinin Musulunci za su karanta, don haka babu ruwansu da lissafi. Nakan rubuta musu a allo: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba. Mata tana da sumuni (ɗaya cikin takwas), 'ya'yan suna da sulusi biyu (biyu cikin uku), uwa da uba kowanne yana da sudusi (ɗaya cikin shida). Idan aka mayar da su kan asali ɗaya, wato 24, mata ta samu 3, 'ya'ya 16, iyaye 4 da 4, jimla 27, ka ga rabon ya zarce dukiyar. Malaman gado sun warware wannan tun da daɗewa ta hanyar auli, inda ake mayar da asalin 27, kason kowa ya ragu daidai gwargwado. Ajin kan yi tsit a nan, domin wannan shi ne lissafin ɓangarori da suka guje wa tun ƙaramar sakandare. Alƙalin da bai iya shi ba zai ci haƙƙin marayu ko da niyyarsa fara ce tas. Zakkar kuɗi ma, ɗaya cikin arba'in, lissafi ce.

Gaskiya laifin ba na yara kaɗai ba ne. Da yawa sun tsani darasin ne saboda an koyar da su da bulala da haddar ƙa'ida, a aji mai cunkoso, ba tare da an taɓa nuna musu amfaninsa ba, kuma wanda aka bari a baya tun firamare ba zai kamo a zango biyu ba. To amma tsakanin A1 da F9 akwai fili mai faɗi. C6 kiredit ne, kuma ɗalibin da ya dage da tsoffin takardun jarrabawa, ya riƙe sassan da yake iyawa, irin su kaso cikin ɗari da ƙididdiga da riba da faɗuwa, yana iya kai wa gare shi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da su tara 'yan aji shida da iyayensu kafin a rufe rajista, a karanta musu ƙa'idojin yadda suke, sannan a ware wa 'yan adabi darasin lissafi na yamma wanda zai fara daga inda suka tsaya. Iyaye kuma su riƙa buɗe littafin lissafin ɗansu suna duba ranar da ya yi rubutu na ƙarshe a ciki.

Na gode.

Wani malamin sakandare,
Zariya, Jihar Kaduna