Dario Šarić bai ji tsoron Amurka ba, lokacinsa ya jira

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku godiya da kuka ware wa ƙwallon kwando 'yan mintoci a shirinku na wasanni na makon jiya. Mu masu koya wa yara wannan wasa mun daɗe muna jiran haka. Sai dai akwai maganar da baƙonku ya yi wadda ta tsaya mini a rai, inda ya ce duk matashin da aka zaɓa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ƙi tafiya nan take, to tsoro ne ya hana shi. Ban yarda ba, kuma hujjata ita ce Dario Šarić, ɗan ƙasar Kuroshiya.

An haifi Šarić a 1994 a Šibenik, garin bakin teku da ya fitar da shahararren ɗan ƙwallon kwando, marigayi Dražen Petrović. Mahaifinsa Predrag ɗan wasa ne, har sun buga tare da Petrović a ƙungiyar garin. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2010 yaron ya ja Kuroshiya ta ci kofin Turai na 'yan ƙasa da shekara 16, aka ba shi gwarzon gasar, ya sake yin haka a 2012 a na 'yan ƙasa da 18. Tsawonsa ya haura mita biyu, amma abin da ya fi jan ido shi ne yadda yake riƙe ƙwallo yana raba ta kamar gajeren ɗan wasan da ke tsara hari.

Daga nan ne ya ɗanɗana ɗacin harkar. A 2012 ƙungiyar Bilbao ta Sifaniya ta so ɗaukarsa, sai rigimar kuɗin sallama ta ɓarke da tsohuwar ƙungiyarsa ta Zagreb, cinikin ya wargaje. Yaro ɗan shekara 18, ana ta yabonsa a faɗin Turai, ya yi watanni ba ya buga wasan gasa, atisaye kawai yake yi. Sai ƙarshen shekarar Cibona, wata ƙungiyar ta Zagreb, ta ɗauke shi. Na san abin da irin wannan zama ke yi wa matashi. Akwai wani yarona, dogo, mai hannu mai kyau, da wani dillali ya yi wa romon baka cewa zai kai shi waje. Ya daina zuwa fili, ya zauna jiran biza kusan shekara. Ranar da ya dawo, ya tsaya a bakin simintinmu da takalmi a hannu, ya kasa haɗa ido da ni, kuma ƙafar da yake tsalle da ita ta riga ta yi nauyi. Shi ya sa nake ganin girman abin da Šarić ya yi, domin shi zaman bai karya shi ba. A 2013 ya sa sunansa a zaɓen NBA, inda ƙungiyoyin gasar ke ɗaukar sababbin 'yan wasa bi da bi, ya duba ya ga da saura, ya janye. A 2014 ya ɗauki kofin gasar Adriatic da Cibona, shi ne kuma gwarzon kakar.

A zaɓen 2014 ƙungiyar Orlando ta ɗauke shi a lamba ta 12, ta miƙa shi ga Philadelphia a daren. To amma kwanaki kaɗan kafin nan ya riga ya sa hannu da Anadolu Efes ta Istanbul, ya kuma faɗa a fili cewa sai bayan shekara biyu zai je Amurka. Ya tafi Turkiyya ya yi ta gwabzawa da manya a EuroLeague, gasar manyan ƙungiyoyin Turai, inda ba a raga wa yaro don yana yaro, inda kuskure ɗaya a tsaron gida kan mayar da mutum benci.

Ga wurin da nake so baƙonku ya duba da kyau. A ƙa'idar NBA, da Šarić ya ƙara shekara ɗaya a Turai, da ya fita daga tsarin albashin sababbin shiga, ya yi cinikin kuɗi mai tsoka. Ya san da haka. Duk da haka a 2016 ya tattara ya tafi Philadelphia, saboda ya riga ya yi alkawari. Mai tsoro ba ya barin kuɗi a kan tebur don ya cika magana.

A watan Agustan shekarar na kalli wasan Kuroshiya da Sifaniya a gasar Olamfik ta Rio. Saura daƙiƙa kaɗan, Kuroshiya na gaba da maki 72 da 70, aka jefa wa Pau Gasol na Sifaniya ƙwallo a gindin kwando. Gasol ya juya zai saka, sai ga Šarić ya taso ya doke ta da tafin hannu, aka busa tashi. Wallahi sai da na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki. A kakarsa ta farko a NBA, tare da Joel Embiid ɗan Kamaru, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa, aka kuma sa shi cikin biyar ɗin farko na sababbin.

Roƙona, ya Edita, ku ba wannan labari fili a shiri na gaba, ku kuma gayyato masu horarwa daga Kano ko Kaduna su yi wa iyaye bayanin kwantiragi da dillalai. Yarana goma sha huɗu ne, kuma na ce musu su kunna rediyo ranar.

Naku mai sauraro a kullum,
wani mai koyar da ƙwallon kwando daga Zariya